Wata 51 ina biyan hayar modem: in sayi nawa ko in ci gaba da haƙuri?

Baban Ikram:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na zauna duba takardun biyan kuɗin intanet na gida, don uwargida ta ce kuɗin ya hau, ita kuma ba ta ga abin da ya ƙaru a gidan ba. Ina cikin dubawa sai idona ya faɗa kan wani ɗan layi can ƙasa, da ƙananan haruffa: hayar kayan aiki. Na bi takardun baya-baya har watan da aka haɗa mana. Wata 51 cif ke nan ina biyan hayar baƙin akwatin nan da ke bayan talabijin. Wallahi ni a zatona tuntuni ya zama nawa. Da na buga lissafi, hayar wata 14 ta isa in sayi modem da rauta masu kyau. Ke nan na sayi akwatin nan sau uku da ɗoriya, kuma ko gobe na bar kamfanin sai na mayar musu da abinsu.

Ga yadda gidan yake. Intanet ɗin na shigowa ta zagayayyar wayar nan mai allura ɗaya a tsakiya, wadda ake murɗawa kamar ta eriya. Akwati ɗaya ke yin komai, shi ne modem, shi ne Wi-Fi. Tsarin da nake biya na megabit 300 ne. Idan na zauna a falo kusa da shi nakan sami 260 zuwa 280. Amma ɗakin da nake aiki bango biyu da banɗaki ne tsakaninsa da falo, a can da ƙyar nake ganin 20, wani lokacin ma babu ko ɗigo. Aikina lissafin kuɗi ne, sau uku a mako ina taron bidiyo da abokan aiki. Da zarar yara sun dawo daga makaranta kowa ya ɗauki na'urarsa, sai fuskata ta daskare a allo, baki buɗe, har an fara yi mini tsiya da shi. Na ƙirga abubuwan da ke kan Wi-Fi ɗin, 17 ne, har da firinta da kyamarar ƙofa.

Na kira kamfanin na tambaya ko zan iya sa nawa. Yarinyar da ta ɗauka ta ce eh, amma idan matsala ta taso ba ruwansu. Wannan maganar ce ta sanyaya mini gwiwa, don ni iyakar gyarana shi ne in zare wuta in mayar. To masu sani, guda ɗaya zan saya mai haɗe da komai, ko biyu daban-daban? Kuma sayen zai gyara mini ɗakin aikin nan, ko kuɗin haya kawai zan huta da shi?

Tsohon Mai Kebul:

Wa alaikumus salam Baban Ikram. Matsaloli biyu ka kawo a ƙunshi ɗaya, bari mu kwance su. Hayar da kake biya magana ce ta modem. Daskarewar fuskarka magana ce ta rauta da inda aka ajiye ta. Kana iya magance ɗaya ka bar ɗaya.

Modem shi ne mai magana da kamfani, yana juya siginar da ke cikin wayarsu zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Rauta kuma ita ke raba wannan layin guda ga na'urorin gidanka 17, ta ba kowa adireshinsa, ta kuma tsare ƙofa. Akwatinka ya haɗa ayyukan biyu, shi ya sa dole ya zauna inda wayar kamfani ta shigo, wato bayan talabijin, wurin da ya fi ko'ina muni ga Wi-Fi.

Wayar da ka kwatanta ta kebul ce, kuma ka yi sa'a, domin a nan ne sayen modem ya fi sauƙi. Duk suna bin ƙa'ida ɗaya mai suna DOCSIS, wadda CableLabs, cibiyar binciken kamfanonin kebul, ta fara fitarwa a 1997. Biyu za ka fi gani a kasuwa. DOCSIS 3.0 ta 2006 tana haɗa tashoshi da yawa wuri guda, shi ne lambobin da za ka gani a jikin kwali kamar 8x4, 16x4 ko 32x8: ta farko tashoshin saukewa, ta biyu na turawa. Kowace tashar saukewa na ɗaukar megabit 38 zuwa 50, gwargwadon faɗin tasha a tsarin ƙasar. Mai 8x4 a takarda kamar zai ishi 300 ɗinka, amma ka tuna layin nan da maƙwabta kake raba shi, da yamma kowa na kai, mai tashoshi kaɗan shi ke fara jin jiki. DOCSIS 3.1 ta 2013 ta zo da wata hanyar tura sigina daban, a ƙa'ida har gigabit 10 na saukewa, kuma tana aiki a kan tsohon layin 3.0. Ni da kuɗina a yau ba zan sayi 3.0 ba. Idan ka ga mai arha na 3.0, ka binciki guntun da ke cikinsa: wanda ake kira Puma 6 ya yi ƙaurin suna tun wajen 2016 kan tsaikon da yake jawowa, irin wanda ke ɓata taron bidiyo da wasanni.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka nemi jerin modem ɗin da kamfaninka ya amince da su, ka duba lambar samfurin harafi da harafi, ka kuma duba an amince da shi a kan tsarin 300 ɗin. Dalili kuwa, modem ba ya tashi da kansa. Sai ka ba su lambar MAC da ke jikinsa, wato lambar shaidarsa, sun shigar, sannan su turo masa saitin da ke faɗa masa saurin da ka biya. Ko manhajar cikinsa su ke sabuntawa, ba kai ba, ko da kai ka saya. Wanda ba ya cikin jerinsu kwalliya ce kawai ka sayo. Kuma ka guji na hannu, sau da yawa lambarsa na nan maƙale a asusun mai shi na farko, ko ma na haya ne wani ya ƙi mayarwa.

Ga masu karatu da layinsu ba irin nasa ba ne, kada ku ɗauki wannan ku ruga kasuwa. Mai fiba, ƙaramin akwatin da zaren ke shiga ana kiransa ONT, lambarsa a ɗaure take da na'urar kamfani, yawanci ba a canza shi, rauta kawai za ka saya ka jona, wani lokaci sai ka nemi suna da kalmar sirri ta PPPoE ko lambar VLAN, wato saitin shiga layin da kamfani ke bayarwa. Mai layin tarho na DSL, nasa modem ɗin daban ne. Mai rauta ta sim kuma abin dubawarsa shi ne ko ta dace da zangon mitar kamfaninsa, kuma ba a kulle take ba.

Guda ɗaya ko biyu? Biyu. Modem mai kyau kan daɗe ba a taɓa shi ba, amma dubi Wi-Fi: ta 4 a 2009, ta 5 a 2013, ta 6 a 2019, ta 7 a 2024. Idan a haɗe suke, duk sa'ad da ɗaya ya tsufa ko ya mutu sai ka zubar da biyun. Sannan idan a rabe suke, modem ya zauna bayan talabijin ɗinsa, ka ja waya ka kai rauta tsakiyar gida. Wayar Cat5e, irin wadda ake jona modem da rauta da ita, na ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, gidanka bai kai haka ba.

Maganar “ba ruwansu” kuma, ba ruwansu da akwatinka ne, amma layin daga waje har zuwa bangonka nasu ne. Wasu ƙasashen ma doka ta shiga maganar: a Jamus tun Agustan 2016 mai saye na da 'yancin sa na'urar da ya ga dama, a Amurka kuma tun Disamban 2020 an hana karɓar kuɗin haya a kan na'urar da mutum ya saya da kansa.

Maman Biyu:

Malam Mai Kebul ya faɗi gaskiya, amma shi gwani ne, abin da yake gani da sauƙi ba kowa ke ganinsa haka ba. Bari in ba ka nawa labarin, Baban Ikram, ka auna.

Ni ma haka na yi lissafi na sayi nawa, ina ta murna. Wata bakwai lafiya lau. Sai intanet ya fara yankewa, minti biyu ya dawo, sau biyar sau shida a yini. Na kira, kalma ta farko: ai na'urarki ce. Suka ce idan mai gyara ya zo ya tarar laifin daga wajena ne, ni zan biya kuɗin zuwansa. Na koma wajen waɗanda suka ƙera modem ɗin, su kuma suka ce layi ne. Mako uku ana buga ni kamar ƙwallo. Ashe ruwa ne ya shiga mahaɗar waya a waje, amma kafin a gano na sha wuya. Da na haya ne, da kiran farko za su zo, don ba su da wanda za su ɗora wa.

Ba a nan ta tsaya ba. Bayan wata uku aka yi ruwa da tsawa, da safe na tarar modem ɗin ko fitila ba ya kunnawa. Na zare shi daga soket a daren, amma ban san tsawa na iya biyowa ta wayar kebul ɗin kanta ba. Garantin bai shafi tsawa ba. Kafin ya biya kuɗin kansa ya tafi. Na koma haya, ban ji kunya ba. Ga shi kuma ina da tarhon gida da ke bi ta cikin akwatinsu, modem mai ramin tarho kuwa ba kowanne ba ne, ka duba idan kai ma kana da shi.

Abin da ban yi nadamarsa ba shi ne rauta. Ita na riƙe. Na sa suka mayar da akwatinsu modem zalla, a saitin ana rubuta bridge mode, Wi-Fi ɗinsu ya mutu, tawa ke raba komai. Ina kashe wa tagwayena intanet ƙarfe tara na dare daga wayata, baƙi kuma na ware musu nasu layin. Haya dai ina biya, ban musa ba. A wajena kuɗin kwanciyar hankali ne.

Sadiq_99:

Baba, kada ka tsaya wasa, Wi-Fi 7 kawai za ka ɗauka, mai eriya takwas, ka huta shekara goma. Tana da zangon 6 GHz, babu cunkoso ko kaɗan. Ko kuma ka sayi wadda za ka ɗora wa OpenWrt, manhajar da ke maye gurbin wadda rauta ta zo da ita, ka ga ikon Allah. Ni tawa har tallace-tallace take tarewa.

Tsohon Mai Kebul:

Sadiq ɗana, a hankali. Mutum na da megabit 300 da bango biyu da banɗaki, kai kana aika shi sayen jirgin sama. Duk sa'ad da mita ta hau, ƙarfin ratsa bango raguwa yake. 2.4 GHz ta fi nisa amma a cunkushe take, tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ga na'urar ɗumama abinci ma a nan take hayaniya. 5 GHz ta fi sauri, ta fi gajarta. 6 GHz ta fi su saurin gajiya a bango, kuma sai wayar da ke hannunka ta san da ita. Banɗaki kuwa, da tayil da bututun ruwa da madubi, kabarin sigina ne. Matsar da rauta mita biyar ya fi ƙarin eriya huɗu amfani. Wi-Fi 6 ta ishe shi har da saura. Abin da zai duba shi ne ramukan waya su zama na gigabit, don akwai masu arha da har yau ramukansu megabit 100 ne, ka biya 300 ka tsaya a 90 da wani abu kana zagin kamfani.

Inda na ba ka gaskiya shi ne OpenWrt, ba don Baban Ikram ya ɗora ba, sai don abu guda da ke cikinta da ake kira SQM, wanda wasu rautocin ma ke zuwa da irinsa. A layin kebul hanyar turawa siririya ce ƙwarai idan aka kwatanta da ta saukewa. Waya ɗaya ta fara tura hotuna zuwa ma'ajiya sai layin ya cika, muryarsa da hotonsa su shiga dogon layi suna jira. Wannan saitin ke hana babban kaya danne ƙarami. Ina kyautata zaton rabin daskarewar fuskarsa daga nan take.

Hajiya Maman Biyu, sannu da wahala. Abin da ya same ki yana da magani: yawancin modem ɗin kebul suna da shafi da ke nuna ƙarfin sigina, ana buɗe shi ta rubuta 192.168.100.1 a burauza. Na saukewa ya zauna tsakanin -7 da +7, SNR, wato ma'aunin tsabtar sigina, ya haura 35, na turawa kada ya wuce 50. Da kin ga saƙonnin T3 da T4, masu nuna modem ya jira amsar kamfani bai samu ba, sun yi yawa a tarihin shafin, kin ɗauki hoto kin karanta musu, da bakinsu ya mutu. Gaskiyarki kan tsawa, kuma nauyi guda da ke komawa kan mai saye shi ne sabunta manhajar rauta. Muguwar manhajar Mirai ta 2016 da kalmomin sirrin da aka bari yadda suka zo daga masana'anta ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Baban Ikram:

Na dawo da rahoto bayan mako biyar. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Na yi kwana uku ina juya maganar Hajiya, don ta taɓa ainihin abin da nake tsoro. Abin da ya raba gardama shi ne ba ni da tarhon gida, kuma ba ni da niyyar tashi daga gidan nan kusa. Ko da modem ɗin ya mutu bayan shekara biyu, na riga na ci riba. Sai na sayi biyu: modem na DOCSIS 3.1 daga cikin jerin kamfanin, da rauta ta Wi-Fi 6 mai ramukan gigabit. Sadiq, ka yi haƙuri, eriyarta huɗu ce.

Ranar haɗawa na ɗan sha kunya. Na karanta wa ma'aikacin lambar MAC, na kira B ya ji D, muka ɓata minti ashirin a kan harafi ɗaya. Da ya tashi na jona kwamfutata kai tsaye, 310, har na yi kabbara. Na zare na jona rauta, shiru. Na kusa awa ɗaya ina zargin an sayar mini da matacciya. Ikram, 'yar shekara 13, ita ta ce Baba ka kashe modem ɗin ka kunna mana. Ashe yana riƙe na'urar farko da ya gani ne, sai an zare masa wuta yake karɓar wata. Gyaran nan guda ɗaya da na iya a duniya, shi na manta.

Na shiga shafin nan da Malam ya faɗa, na tarar ƙarfin saukewa yana -9. Na bi wayar da hannu har bayan kabad, sai ga wani ɗan ƙarfe mai raba waya gida biyu, ƙafa ɗaya na zuwa modem, ɗayar a sake ba ta zuwa ko'ina, ya yi tsatsa. Tun na mutanen da suka zauna kafin mu ne. Na cire shi na haɗa wayar kai tsaye, lambar ta koma -5 da 'yan kai. Shekara huɗu abin nan yana cin siginata ban sani ba.

Rauta na ɗora ta kan kanta a baranda ta tsakiya, da waya mai tsawon mita 12 da na bi gefen bango da ita. Uwargida ba ta so ganin wayar ba, sai da na rufe ta da farar kwalliya. Yanzu a ɗakin aiki ina samun 190 zuwa 220, inda da nake ganin 20. Na kunna saitin nan na raba layi, SQM, saurin ya ɗan ragu kaɗan, amma taro tara na yi tun daga lokacin, fuskata ba ta daskare ko sau ɗaya ba. Wata dabara da na ji daɗinta: na ba sabuwar Wi-Fi suna da kalmar sirrin tsohuwar, sai na'urori 15 suka hau da kansu. Firinta da kyamarar ƙofa ne suka yi taurin kai, su 2.4 kawai suka sani kuma ba sa jituwa da WPA3, sabon tsarin tsaron Wi-Fi, sai da na mayar da tsaron ya karɓi WPA2 da WPA3 tare. Kalmar sirrin shiga saitin rautar ma na canza, Malam, kafin ka tambaya.

Baƙin akwatin na kai musu da hannuna, da wayar wutarsa. Na tsaya sai da aka ba ni rasit mai ɗauke da lambar jikinsa, yaron da ke kanta har yana ƙosawa da ni. Alhamdu lillahi da na tsaya, domin takardar wannan watan ta zo, ga hayar kayan aiki nan zaune daram a inda take, wata na 52. Na tura musu hoton rasit ɗin, sun ce za su cire a wata mai zuwa. Zan duba.

Hajiya, saura maganar tsawa, ita ce ban gama da ita ba. Na ga ana sayar da abin kariya mai ramin wayar kebul, amma ina tsoron kada ya sake cinye siginar da na samu da ƙyar. Malam Mai Kebul, in sa shi, ko in riƙa kwance wayar da hannu duk daren da hadari ya haɗu?